Daga Igiyar Fijo Zuwa Janwe

 Yau tarihin jan mota za mu taɓa.

A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, 504 ta cika hanyar Sakkwato zuwa Jega, wadda ta ratsa Tambuwal. Tayoyin baya ke tura ta, giyarta ta hannu ce. In ta mutu, sai a sa ta firi, a ɗaura igiya, wata Fijon ta ja ta har garejin bakanike. Haka iyayenmu suka saba, kuma galibi ta fisshe su.

To, Marsandi da BMW ɗin da samarinmu ke yayi yanzu su ma da tayoyin baya suke tafiya, amma yawancinsu otomatik ne. Injin na mutuwa, famfon man giya ya tsaya. Ka ja ta a haka daga Tambuwal zuwa Sakkwato, wajen kilomita 100, farfela na juya giyabos ba mai zagayawa, wallahi ƙona shi za ka yi. Daga Kebbe kuwa abin ya fi muni. Ga burki da sitiyari sun yi tauri.

Ni dai shawarata, a ɗora ta kacokan bisa janwe. In babu, bakanike ya kwance farfela tukuna.