Fargabar Lokaci da Fargabar Hali: Tarihin Gudummawar Charles Spielberger

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi sawun wani ra'ayi guda wanda ya sauya yadda masana halayyar ɗan Adam ke nazarin fargaba. Mai ra'ayin kuwa shi ne Charles Spielberger, Ba'amurke, masanin magance matsalolin tunani, wanda aka haifa a 1927, ya rasu a 2013.

2.0 Yadda Ya Iske Fagen

A 1953 Janet Taylor ta fito da wani ma'auni mai jimloli 50, waɗanda mutum zai karanta ya ce ko sun dace da shi. Ma'aunin yakan nuna wanda fargaba ta zame masa jiki, amma ba ya iya bayyana ko ta ƙaru da safiyar jarrabawa, ko ta ragu bayan an yi magani. A 1961 Cattell da Scheier suka nuna ta hanyar lissafi cewa abubuwa biyu ne ake kira da suna ɗaya. Abin da ya rage shi ne ma'auni mai sauƙi wanda zai raba su.

3.0 Aikin Spielberger

Spielberger ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Iowa a 1954. Binciken da ya yi a Jami'ar Duke, wanda aka buga a 1962, ya nuna cewa fargaba ta fi yi wa ɗalibai masu matsakaiciyar basira ɓarna a sakamakonsu. Daga nan ya tsara ra'ayinsa a 1966. Akwai fargabar lokaci, watau wadda ke tasowa ta kuma kwanta gwargwadon abin da mutum ke fuskanta. Akwai kuma fargabar hali, watau ɗabi'ar hangen haɗari a wurare da yawa, musamman inda ake jin tsoron faɗuwa ko jin kunya.

A 1970, shi da Gorsuch da Lushene suka buga ma'aunin da aka sani da STAI. Jimloli 40 ne: 20 na tambayar yadda mutum ke ji a yanzu, 20 kuma yadda ya saba ji. Kowane kashi makinsa daga 20 ne zuwa 80.

4.0 Tasirinsa

Da wannan rabe-rabe likita ya sami damar auna majinyaci kafin tiyata da bayanta, mai bincike kuma ya gane ko magani ya yi aiki. An fitar da na yara a 1973, da na fargabar jarrabawa a 1980, wanda ya bambanta zullumin da ke cikin tunani da alamun jiki irin su gumi da bugun zuciya. Har wa yau, shi da Diaz-Guerrero na Meziko sun juya ma'aunin zuwa Sifaniyanci, aka kuma ci gaba da juya shi zuwa harsuna masu yawa.

Sai dai bai tsira daga suka ba. An nuna cewa kashin hali yana cuɗanya fargaba da ciwon baƙin ciki. Gyaran da aka yi a 1983 ya sauya wasu jimloli saboda haka, amma masana ba su daina ƙorafin ba.

5.0 Kammalawa

Darasi biyu muka tsinta. Na farko, malamin da ya ga ɗalibi ya ruɗe a zauren jarrabawa kada ya yi saurin kiransa daƙiƙi, ko ya ce halinsa ke nan; mai yiwuwa fargabar lokaci ce, wadda sabo da kyakkyawan shiri ke ragewa. Na biyu, duk mai son auna ɗalibanmu da Hausa sai ya fara tantance tsoro da fargaba da zullumi da faɗuwar gaba, domin ma'aunin da ya kasa raba "yanzu" da "kullum" ya mayar da mu inda ake kafin 1970.