ASALIN GARMAHO

Ku 'yan makaranta, da yawa cikinku kun ji sunan garmaho, amma kaɗan ne suka taɓa wana hannunsa. Ni kuwa na tarar da ɗaya a ɗakin kakana, kuma tun ina yaro ban san abin da ya fi shi faranta mini rai ba. Don haka na ga ya kamata in ba ku labarin asalinsa.

A shekarar 1877 ne wani Ba'amurke, Thomas Edison, ya ƙago na'urar farko mai kama murya ta kuma mayar da ita. Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Kun san in an yi tsawa kusa da ganga, fatarta takan yi rawa. To, Edison ya sami wani ɗan marfi mai laushi kamar fatar kalangu, ya kafa masa allura, ya naɗe fallen kuza a jikin wani guntun ƙarfe mai siffar taɓarya. Yana magana yana juya ƙarfen, allura tana zana rawar muryarsa a kan kuzar. Da ya mai da allura mafari ya sake juyawa, sai ga na'ura tana faɗin abin da ya faɗa.

Abin mamaki, mutumin nan kunnensa ba ya ji sosai. In yana so ya saurari kiɗa da kyau, sai ya ciji katakon akwatin, sauti ya bi ta haƙoransa. Kuma ba don waƙa ya fi sa rai da na'urar ba. A 1878, da ya lissafa amfaninta, abin da ya sa a gaba shi ne shugaban ofis ya riƙa faɗin wasiƙunsa a ciki, akawu ya rubuta daga baya. Jama'a kuwa suka ce su dai kiɗa su ke so, kuma a ganina jama'a ne suka fi shi gaskiya.

Shekara goma bayan ƙagowar Edison, watau 1887, Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya bar siffar taɓarya ya koma ga abu mai faɗi, kewayayye. Shi ne Hausawa suka duba suka ga kamarsa ɗaya da marufin ƙwarya, suka ce masa faifai, kuma ban ga sunan da ya fi wannan dacewa ba. Amfaninsa shi ne, daga uwa guda sai a buga dubbai, kamar yadda a ke buga hatimi. Daga baya aka riƙa yin sa da wani ƙaro wanda ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a ƙasar Indiya. In ya faɗi ya fashe kamar kasko.

A zamanin nan ba a kama murya da lantarki, sai a 1925 aka soma. Mawaƙi yakan tsaya ne gaban wani babban ƙaho ya buɗe murya iyakar ƙarfinsa. Shi ya sa Enrico Caruso, mutumin Italiya mai murya kamar tambari, ya dace da ita. A 1902 ya yi waƙa goma rana ɗaya a birnin Milan, aka biya shi fam 100, faya-fayansa suka sa mutane da yawa sayen garmaho.

Amma fa da sharaɗi. Faifai yana juyawa sau 78 a minti, kuma gefe guda na mai inci goma ba ya wuce wajen minti uku. Mawaƙin da ya saba raba dare yana jero kirari tilas ya zaɓi baitocin da ya fi so, ya yar da sauran. Sai a 1948 aka fito da faifai mai cin fiye da minti ashirin.

Na kakana irin na dā ne, mai allurar ƙarfe wadda a ke sakewa bayan faifai ɗaya ko biyu. In wani ya kusa ƙarewa, sai ka ji muryar mawaƙi tana nauyi tana ja, kamar mai gyangyaɗi, mu yara mu yi ta rige-rigen kai hannu mu farkar da shi.