Gwajin sankarar bakin mahaifa ba tare da buɗe al'aura ba

Tambaya: Ana kiran mata su je gwajin bakin mahaifa, amma kunyar buɗe al'aura tana hana da yawa zuwa. Akwai hanya mai sauƙi? Kuma mene ne hukuncinsa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah.

Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke jawo ta, kuma nau'i na 16 da na 18 su ne sanadin kusan kashi 70 cikin ɗari. Ciwon ba ya zuwa dare ɗaya: yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama sankara, shi ya sa ake son a gano shi tun mace ba ta jin komai.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gwajin HPV a kan sauran gwaje-gwaje, daga shekara 30, duk bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da HIV kuwa ta fara daga 25, ta kuma riƙa maimaitawa kusa-kusa. Sauƙin da ke cikinsa shi ne mace tana iya ɗaukar samfurin da kanta: a ba ta tsinken auduga, ta keɓe, ta shafo daga cikin farjinta, ta mayar a kwalba. Inda babu wannan, ma'aikaciyar jinya takan shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari.

Idan an ga tabo ƙarami, ba sai an yi tiyata ba. Ana ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30, ko a daskarar da wurin, ta koma gida a ranar. Ruwa zai riƙa fito mata na wasu makonni, wanda ba haila ba ne, kuma a dakatar da saduwa kamar wata guda.

Ta fuskar hukunci, buɗe al'aura don magani ya halatta gwargwadon buƙata. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 1993, ta ce a fara neman likita mace Musulma, sai wadda ba Musulma ba amintacciya, sannan namiji, tare da miji ko muharrami ko wata mace amintacciya. A zamanta na 1997 a Jidda kuma ta ce abin dubawa da ake sawa a farji ba ya karya azumi, ko da yake wasu malamai sun saɓa, don haka jinkirtawa zuwa dare ko bayan Ramadan ya fi kwanciyar hankali. Gwajin ba ya wajabta wanka.

Magidanta su lura: samun HPV a jikin mace ba hujjar zina ba ce. Ƙwayar tana iya kwanciya shekaru ba alama, ta zo daga tsohon aure, nata ko na mijin. Zarginta a kan sakamakon gwaji zalunci ne.

Allah ne Mafi sani.