Kano Zuwa Jidda: Daga Shekaru Zuwa Awa Biyar

 A wannan makon za mu ɗan leƙa hanyar gabas.

Tsakanin Kano da Jidda, idan aka miƙe ta sama, akwai kimanin kilomita 3,400. Yau jirgi kan cinye wannan tazara cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Alhaji ya yi sallar asuba a sansanin alhazai, la'asar ta same shi a ƙasa mai tsarki.

Kakanninmu ba da awa suke lissafin wannan hanya ba, da damina suke yi. Maniyyaci kan raba abin da zai raba, ya nemi gafarar dangi, ya bi ayari ta Borno, ya ratsa Wadai da Darfur, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan ya shiga jirgin ruwa. Guzuri kan ƙare tun ba a yi nisa ba, sai a yada zango a yi noma ko ƙodago. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, mutanenmu da yawa can suka tsaya neman kuɗin ƙarasawa. Wani ya yi aure, ya haifi 'ya'yan da ba su taɓa ganin Dala ba. Wani kuma ko Makkar bai kai ba. Garin Mai Wurno ma, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, a kan wannan hanya yake.

A cikin 1925 ɗin nan ne jirgin sama ya fara sauka a Kano, ranar 1 ga Nuwamba. Jirage uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira tun 27 ga Oktoba, suna tafe suna sauka shan mai. Kwana shida ke nan, kuma ba fasinja suka ɗauko ba. Sai a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara zirga-zirgar mako-mako tsakanin Hartum da Kano. Ko a lokacin, talaka kallon jirgi kawai yake yi. Motar haya da jirgin ƙasan Sudan ne suka fara rage masa wahala, kafin jigilar alhazai ta sama ta kankama a shekarun 1950.

Nan ne muke yawan tuntuɓe a littattafanmu. Sai ka ga labarin zamanin En'e, amma an raka mutum Makka da azumi, ya dawo da tsaraba bayan babbar salla. A wancan zamani matar da mijinta ya nufi gabas tana iya yaye goyonta, har ta aurar da shi, ba ta ji ɗuriyar maigidan ba. Wannan jiran kaɗai ya isa littafi guda.

Ko awa biyar ɗin ma ba a kafe take ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, sai da jiragen alhazanmu suka riƙa kewayawa, tafiyar ta ƙara tsawo, kuɗin jirgi kuma ya ƙaru.