Tsarin Sarrafa Iska a Dandamalin Haƙar Mai na Teku: Darussa Daga Haɗurra Biyu da Yanayin Mashigin Tekun Gini

Tsakure

Wannan maƙala ta duba aikin na'urorin shigar da iska da sanyaya ta a dandamalin haƙar mai da jiragen ruwan da ke adana ɗanyen mai a teku. Ta dogara ga binciken da aka yi kan haɗurra biyu da kuma ƙa'idojin ISO. Abin da ta tarar shi ne tsarin iska a irin waɗannan wurare kayan tsare rai ne, kuma hazon hunturu na iya raunana shi a gabar Afirka ta Yamma.

1.0 Gabatarwa

A kan dandamali, ɗakunan kwana da ɗakin sarrafa injuna suna maƙwabtaka da bututun gas. Dabarar raba su ita ce a riƙa tura iska mai tsabta cikin ɗakunan har matsinta ya ɗara na waje, galibi da kimanin Pascal 50. Ko an buɗe ƙofa, iska fita take yi, gas ba ya samun hanyar shiga. Ƙa'idar ISO 15138 ce ke tsara wannan fanni.

2.0 Abin da haɗurran suka nuna

Ranar 6 ga Yuli, 1988, gobara ta cinye dandamalin Piper Alpha a Tekun Arewa, mutum 167 suka rasu. Da yawansu hayaƙi ne ya shaƙe su a ɓangaren kwana, inda suka taru suna jiran ceto. Rahoton Lord Cullen na 1990 ya ba da shawarar kowane dandamali ya tanadi mafaka ta wucin gadi wadda hayaƙi da gas ba za su kutsa ba har a kwashe ma'aikata.

Na biyun ya fi shafar wannan nazari. A dandamalin Deepwater Horizon, a Mashigin Tekun Meziko, ranar 20 ga Afrilu, 2010, ma'aikata 11 suka mutu. Binciken da kamfanin BP ya fitar a Satumbar shekarar ya nuna cewa mai yiwuwa tsarin iskar ne da kansa ya janyo gas zuwa ɗakunan injuna, domin fankoki da murafen bututu ba a tsara su su rufe da kansu ba in an gano gas. An bar hukuncin ga ɗan Adam a lokacin da babu sararin tunani.

3.0 Yanayin Mashigin Tekun Gini

Ƙa'idar ISO 7547, bugun 2002, ta ɗauki zafin waje digiri 35 da laima kashi 70 cikin ɗari a matsayin mizanin bazara, da sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a lokacin ɗari. Jiragen wannan mashigi irin su Bonga, da ya fara haƙar mai a 2005, da Egina, a 2018, ba ruwansu da wannan sanyi. Nauyinsu shi ne tsotse laima, ga shi ruwan tekun da ke sanyaya injunan da ɗuminsa yake zuwa.

Sai kuma hazo. Tsakanin Disamba da Fabrairu, ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, wadda mutanen Kano da Damagaram suka sani sarai, takan kai har cikin teku. A can take haɗuwa da gishirin da ke yawo a iska. Gishiri kuwa yana jan laima, sai haɗin ya zama taɓo ya toshe matatan iska. Iskar da ke shiga ta ragu, matsin ɗaki ya faɗi, katangar da ta hana gas shiga ta yi rauni alhali ɗakin na nan da sanyinsa, ba wanda zai yi zargin komai.

4.0 Shawara

Jadawalin sauya matata da aka tsara don Tekun Arewa bai dace da wannan yanki ba. Ya kamata masu kula da jiragen su ɗora shi a kan ma'aunin matsin iska, su ƙara yawan dubawa a watannin hunturu, kuma hukumomin sa ido su wajabta gwada rufewar murafen bututu kafin shigowar hazo kowace shekara.