Na'urar neman agaji ta aljihu: yadda take aiki da abin da matafiyi ya kamata ya sani

A ƙarshen watan Mayun 2017, wata mota da ke ɗauke da matafiya ta lalace a cikin hamadar Tenere, tsakanin Agadez da Dirkou. Mutum 44 ne ƙishirwa ta kashe, cikinsu har da mata da jarirai, kuma yawancinsu 'yan Ghana ne da 'yan Najeriya. Mutum 6 da suka tsira da ƙafa suka taka har suka isa wurin jama'a, sannan aka san abin da ya faru. Shekara huɗu kafin nan, a watan Oktoban 2013, an tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun mace. A duka biyun, mutanen sun yi kwanaki da rai, amma ba wanda ya san inda suke.

Irin wannan yanayi ne ya sa aka ƙera wata ƙaramar na'ura da ake kira PLB, wadda masu jin Faransanci suka sani da balise de détresse. Girmanta bai wuce tsohuwar wayar Nokia ba. Ba a kira da ita, ba a karɓar kira. Aikinta ɗaya ne: idan aka miƙar da eriyarta aka danna maɓalli, sai ta aika wa taurarin ɗan'adam sanarwa cewa mai ita yana cikin haɗari, ga kuma inda yake.

A Kwadaso da ke yammacin Kumasi, batun bai yi nisa da jama'a ba kamar yadda ake zato. Kasuwar albasa ta unguwar tana karɓar manyan motoci daga Nijar, direbobinsu kuwa suna keta wuraren da waya ba ta kama sabis. Akwai makiyaya a filayen Afram, akwai samarin zango da ke haɗa kuɗi su tafi hawan dutsen Afadjato a yankin Volta, ko tsaunukan Kwahu a lokacin Ista, ko zagayen tafkin Bosomtwe. Akwai kuma waɗanda ke kama hanyar Agadez da niyyar Libiya, ko an yi musu nasiha ko ba a yi ba.

Daga ina tsarin ya samo asali?

Na'urar tana dogaro ne da wani tsari na ƙasa da ƙasa mai suna Cospas-Sarsat. Ƙasashe huɗu ne suka kafa shi a 1979, wato Faransa da Kanada da Amurka da Tarayyar Sobiyet, a daidai lokacin da Amurka da Sobiyet ba sa ga maciji. Ceto na farko da aka yi ta hanyarsa ya faru ne a watan Satumban 1982, lokacin da wani tauraron Sobiyet ya jiyo siginar wani ƙaramin jirgin sama da ya faɗi a dajin British Columbia na Kanada, aka ceto mutum 3. An sanya hannu kan cikakkiyar yarjejeniyar a birnin Paris a 1988, kuma ofishin tsarin yana Montreal. Daga wancan lokaci zuwa yau ya taimaka wajen ceto mutane fiye da 50,000.

Na'urorin iri uku ne. ELT na jiragen sama ne, EPIRB na jiragen ruwa, PLB kuwa ta mutum ɗaya ce, wadda zai rataya a jikinsa. Dukkansu suna aika saƙo a kan zango ɗaya, megahaz 406, wanda aka keɓe wa kiran agaji a duk duniya.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli

Na'urar tana fara harba gajeren saƙo kusan duk bayan daƙiƙa 50. A cikin saƙon akwai lambar shaidarta mai haruffa da alƙaluma 15, da lambar ƙasar da aka yi mata rajista, da kuma wurin da take idan tana da GPS a ciki, kamar yadda kusan duk na zamani suke da shi. Taurarin da ke sauraro kashi uku ne: na kusa da ƙasa masu zagaye ta saman ƙuryar arewa da ta kudu, da masu tsayuwa wuri ɗaya a nisan kusan kilomita 36,000, da kuma taurarin nuna hanya irin su GPS na Amurka da Galileo na Turai. Waɗannan na ƙarshe su ne suka rage jira ƙwarai, domin kusan ko yaushe akwai da yawa daga cikinsu a sararin sama. A da, sai an jira tauraro ya gifta.

Daga tauraro saƙon yakan sauko tashar ƙasa, ya wuce cibiyar tattara bayanai. A yankinmu akwai irin wannan cibiya a Abuja, ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta NEMA, akwai ta birnin Aljas, akwai ta Maspalomas a tsibiran Canary na ƙasar Sifen, ta Faransa kuma tana Toulouse. Cibiyar ce ke miƙa labari ga ofishin ceto na ƙasar da abin ya faru. Idan GPS ya kama, ana iya sanin wurin da kuskuren da bai wuce mita 100 ba. Idan bai kama ba, lissafin na iya kaucewa da 'yan kilomitoci, shi ya sa na'urar take kuma fitar da wata sigina mai rauni a megahaz 121.5, wadda masu ceto ke bi idan sun matso kusa.

A nan akwai abin lura ga masu sayen kayan gwanjo. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2009 taurari suka daina sauraron tsofaffin na'urori masu aiki da 121.5 kaɗai. Wanda ya sayi irinsu a kasuwa don sun yi araha ya sayi ƙarfen banza.

Rajista

Nan ne mutane suka fi yin sakaci. Na'urar da ba a yi wa rajista ba za ta aika saƙo, amma jami'in da ya karɓa ba zai san ko na wane ne ba, ba kuma zai sami wanda zai tambaya ba. Tun da yawancin kiran da ke shigowa na kuskure ne, yaro ya danna ko an jefar da tsohuwar na'ura a bola, jami'ai sukan fara da buga waya ga lambobin da aka ajiye a rajista. Idan uwargida ko uban gida ya ce lalle wane ya tashi shekaranjiya da mota kaza, mutum kaza ne a ciki, kuma ɗaya yana da ciwon suga, aikin ya sami makama. Ƙasashen da ba su da nasu rumbun rajista suna iya amfani da na Cospas-Sarsat a intanet, wanda ake kira IBRD, kuma kyauta ne.

Sai batun lambar ƙasa. Ta Ghana 627 ce, ta Nijar 656, ta Najeriya 657. Idan ɗan'uwa ya aiko da na'ura daga Amurka ko Ingila, za ta zo da lambar can, kuma can za a nemi bayanin mai ita. Gara a sa dillalin kamfanin ya sauya lambar kafin a aiko.

Bambancinta da wayar tauraro

Direbobin Agadez sun daɗe da sanin Thuraya, wasu kuma na amfani da ƙananan na'urorin aika saƙo irin su Garmin inReach da SPOT. Waɗannan suna ba mutum damar yin bayani, ya ce taya ce ta fashe ko maciji ne ya sari wani, amma sai da kuɗin wata ko kati, kuma batirinsu kan ƙare kamar na waya. PLB ba ta da kuɗin wata. Ana sayenta sau ɗaya, a kan dala ɗari uku zuwa ɗari huɗu galibi, batirinta kan yi shekara biyar ko fiye a ajiye, idan kuma aka kunna ta dole ne ta iya aiki aƙalla awa 24. Rauninta shi ne ba ta magana. Sai dai tun 2020 wasu sababbi masu aiki da Galileo suna kunna wata 'yar fitila da ke nuna cewa saƙon ya isa, abin da zai iya hana mutum barin motarsa ya shiga rairayi da ƙafa.

A yi hattara da doka. A yankunan da ake fama da rashin tsaro, jami'ai ba sa ɗaukar kayan sadarwar tauraro da wasa. A 2013 sojojin Najeriya sun haramta amfani da Thuraya a jihar Borno. Mai shirin ƙetara iyaka da irin wannan na'ura ya tambayi hukumar sadarwa ta ƙasar da zai shiga, a Ghana kuma hukumar NCA, ya riƙe takardar saye da ta rajista a jikinsa.

Abin da ba za ta yi ba

Hotunan talla kan nuna jirgi mai saukar ungulu ya iso cikin awa ɗaya. Wannan a tsaunukan Faransa ne ko New Zealand. A Tenere, wanda zai zo mai yiwuwa motar sojoji ce daga bariki mafi kusa, kuma tafiyar na iya cin yini ko fiye. Saboda haka na'urar ba ta maye gurbin jarkokin ruwa, ko tafiya a ayari, ko sanar da wani hanyar da za a bi da ranar isa. A gandun dajin Mole, inda ba a yawo da ƙafa sai da jami'in gandun daji mai bindiga, ko a Afadjato da ake hawa da ɗan jagora daga ƙauyen da ke gindin dutsen, amfaninta bai kai na mai ratsa hamada ba. Inda waya ke kamawa a Ghana, lamba 112 ta fi sauri.

Wurin kunnawa ma yana da tasiri. Dajin koko mai duhu ko kwari mai zurfi na iya tare sigina, don haka a nemi fili, a miƙe eriyar sama, a ajiye na'urar, kada a riƙa kashewa da kunnawa don tattalin batir. Don gwaji akwai maɓalli na daban wanda ba ya tayar da kowa. Kuma a rataye ta a jiki. Idan tana cikin jakar da aka ɗaure a saman kaya, motar ta kife ko ta kama wuta, ba za a kai gare ta ba.

Kuɗinta ya fi ƙarfin yaron mota ko makiyayi shi kaɗai. Ƙungiyar direbobi ko ta 'yan albasa kuwa za ta iya sayen 'yan ƙalilan, ta riƙa bai wa shugaban ayari, da sharaɗin a sabunta sunaye da lambobin waya a rajista kafin kowace tafiya, a kuma duba ranar ƙarewar batir da ke rubuce a jikinta.