Kayan wanke mota da kare fenti

Kayan wanke mota da kare fenti su ne sabulai, tsummoki da mayukan da ake amfani da su wajen tsabtace jikin mota da kare fentinta daga rana, ƙura da ruwa. A wuraren wankin mota na Kano akan haɗa mayukan gaba ɗaya a kira su "folish", amma aikinsu ya bambanta: folish na ainihi kankare saman fenti yake yi, shi kuwa kaki rufe shi yake yi.

Yadda fentin mota yake

Fentin motocin zamani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ke hana ƙarfe tsatsa, sai shimfiɗa, sai launi, sannan a sama a feshe da wani fenti garai-garai marar launi wanda shi ne ke ba mota ƙyalli. Kaurin wannan hawa na sama yawanci bai wuce maikiron 35 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin fallen takarda ba. Duk wanki da gugar da ake yi a kansa suke ƙarewa, kuma idan ya cinye babu man da zai dawo da shi, sai dai a sake feshi.

Yanayin Gwale

Ƙaramar hukumar Gwale ta haɗa da unguwannin cikin ganuwa irin su Mandawari da Gyaranya, da na waje kamar Ɗorayi da Kabuga. A cikin gari lunguna ƙunci gare su, gidaje da yawa ba su da garejin mota, don haka motoci kan kwana a bakin titi ko a ƙarƙashin bishiya.

Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kawo ƙura daga Sahara. A cikin ƙurar akwai ƙananan ƙwayoyin yashi da suka fi fentin mota tauri. Al'adar kakkaɓe mota da busasshen tsumma da safe tana jan waɗannan ƙwayoyi a kan fenti, su bar ƙananan zane-zane masu kewaye da ake gani idan rana ta haska, musamman a baƙar mota. Wannan ɗabi'a ta fi ɓata fenti a kan rashin shafa kaki. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, jikin motar da ke rana kuma ya fi haka zafi nesa ba kusa ba. A irin wannan zafi kashin tsuntsu da ɗigon bishiya, kamar na darbejiya, kan kama fenti da wuri su bar tabo.

Ruwa ma abin lura ne. Mafi yawan masu wanki da ruwan burtsatse ko na 'yan garuwa suke aiki. Idan ruwan ya bushe da kansa a jikin mota mai zafi, ma'adinan cikinsa kan bar fararen ɗigo. Shi ya sa aka fi son a yi wanki da sassafe ko da yamma, a inuwa, a kuma tsane motar nan take.

Sabulu da tsumma

Garin sabulun wanki irin su Omo da ruwan sabulun wanke-wanke an yi su ne don su narkar da maiƙo. Kaki kuwa dangin maiƙo ne, saboda haka suna wanke shi tas, garin da bai narke ba kuma yana iya karce fenti. Sabulun mota na ruwa wanda ma'auninsa na pH yake kusa da 7 shi ya dace, domin yana da santsin da ke sa datti ya zame ba tare da gurza ba.

Kafin tsumma ya taɓa mota ana fara kwara mata ruwa don ƙurar ta sauka. Hanyar da aka fi sani ita ce ta bokiti biyu: ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumman kafin a mayar da shi cikin sabulun. Ana farawa daga rufi a gangaro ƙasa, tayoyi kuma da tsummansu daban. Tawul ɗin maikirofaiba ya fi tsohuwar riga ko soson buhu, don zarensa na riƙe ƙwayar yashi a ciki. Idan ya faɗi ƙasa ba a ci gaba da aiki da shi sai an wanke.

Kaki da ire-irensa

Kakin kanuba ana samun sa ne daga ganyen wata bishiya dangin giginya, Copernicia prunifera, da ke fitowa a arewa maso gabashin Barazil. Yana narkewa a tsakanin digiri 82 zuwa 86, abin da ya sa ya fi kakin zuma jure zafi. Yana ba da ƙyalli mai kyau, sai dai bai cika wuce wata ɗaya zuwa uku ba, a ranar Kano ma yakan gaza haka.

Man rufe fenti na roba, wanda ake haɗawa a masana'anta, kan kai wata huɗu zuwa shida, don haka ya fi dacewa da motar da ke kwana a waje. Akwai kuma shafen siramik mai sinadarin silika, wanda masu yin sa ke cewa yana kai shekara biyu ko fiye. Yana da tsada, yana buƙatar ƙwararre da wuri marar ƙura, kuma ba ya hana karce idan aka ci gaba da goge mota a bushe. Daga cikin tsofaffin kamfanonin wannan sana'a akwai Meguiar's, wanda aka kafa a Amurka a shekarar 1901, da Turtle Wax da ya fara a Cikago a shekarun 1940.

Ana shafa kaki siriri a jikin mota mai sanyi kuma busasshiya, a bar shi ya yi fari-fari, sannan a goge da tawul mai tsabta. Idan ya taɓa baƙar roba yakan bar farin tabo. Alamar cewa yana nan ita ce ruwa ya dunƙule ɗigo-ɗigo a kan bonet. Idan ruwan ya baje, lokacin sake shafawa ya yi.

Sabuwar mota

Motar da ta fito daga masana'anta an riga an gasa fentinta da zafi mai yawa, ana iya shafa mata kaki tun ranar farko. Ba ta buƙatar folish mai kankara, domin duk guga na rage kaurin hawan sama. Kwalbar da aka rubuta cewa tana wankewa tana kuma shafa kaki a lokaci guda sau da yawa tana ɗauke da ɗan abin kankara.

A Kano kalmar "sabuwar mota" kan haɗa har da 'yar Kwatano, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje. Irin waɗannan motoci wani lokaci akan sake wa ƙofa ko bamba fenti kafin a kai su wurin dillalai. Fentin da aka fesa a gareji bai samu gashin masana'anta ba, yana ɗaukar lokaci kafin ya gama bushewa, shi ya sa masu yin fenti kan ce a jira kwana 30 zuwa 90 kafin a rufe shi da kaki. A tsawon wannan lokaci ruwa da sabulun mota kawai ake amfani da su.